Jan da Ba na Goro Ba

Duk wanda ya san tashar rake a Gaya ya san maigidana, ko da bai san sunansa ba. Ni ma sunan ba zai fito daga bakina ba, ko a rubuce. A tasha Sarkin Rake suke ce masa, kuma babu wanda ya naɗa shi, haƙoransa ne suka ba shi sarautar. Su ɗin ne kuma suka kusa tuɓe shi bara. Na yi jinyar bakin nan tun daga azumi har sanyi ya shigo, Allah ya ba mu sauƙi, na gode masa. Abin da ya sa na zauna rubutu shi ne na tabbata akwai gidaje da yawa a garin nan da ake tofar da jini ana cewa goro ne.

Sai na fara faɗin yadda sana'ar take, in ba haka ba za a ce na cika surutu a kan haƙori. Idan rake ya nuna a fadamun Junju da Karakara, mai saye yakan je ya sayi gona guda tun raken yana tsaye. Ba a gane zaƙi da ido. Manomi ne zai kutsa cikin gonar ya saro kara ɗaya ya miƙo. Mai saye ya kafa haƙoran gaba, ya ɓare ɓawon da fizga ɗaya, ya gatsa, ya tauna, ya tofar da tuka, sannan ya yi tayi. Manoma suna tsaye suna kallon bakinsa. Wanda ya ɓare da kyau an san tsohon hannu ne, ba a yi masa wasa da ciniki. Wanda ya nemi wuƙa kuwa ya gama zubar da kansa, don a wurinsu wuƙa ta mata ce da masu talla. Ni ce mai wuƙa a gidanmu. Ina fere rake in yanka shi gunduwa-gunduwa in sayar a ƙofar gida, kuma shekara da shekaru Maigida yana tsokanata wai ina yi wa rake aski.

Bayan rake, babu abin da yake so kamar jan goro. Daga asuba har ya kwanta akwai shi a kumatunsa. Miyaunsa ja, asuwakinsa ja, gindin dogonyaron da yake zama a tsakar gida ma ja. Da wannan jan na aure shi, don haka ban taɓa tsayawa na dube shi da kyau ba, shi ma haka.

Wari ne ya fara zuwa. Ba irin na mai jin yunwa ba, wani ne mai nauyi kamar na naman da ya kwana cikin zafi. Ni kuwa ba na iya riƙe magana a ciki. Na faɗa masa, ya ɓata rai, ya ce hancina ne ya tsufa. Aka bar maganar a nan.

Da azumi ya shigo, cikin zafin nan na Gaya da ko kwalta take laushi, sai asiri ya tonu. A azumin baya ma akan ga ɗan ja-ja a asuwakinsa, ya ce ragowar goron sahur ne. Wannan karon da la'asar sakaliya ce, yana zaune gindin dogonyaro yana asuwaki, ina tankaɗen garin kunu. Ya tofar. Na ga ƙudaje sun sauka a wurin. Na share tofin goro a gidan nan fiye da yadda zan iya tunawa, ban taɓa ganin ƙuda ya kula shi ba.

Na ce, "Maigida, wanga ba goro ba ne."

Ya ce, "Mi ne ne in ba goro ba?"

"Goron wa ka ci da azumi a bakinka? Tun sahur hwa, rana ta kusa hwaɗuwa."

Ya dubi asuwakin, ya dubi ƙasa. Na ɗauko madubi na ce ya ɗaga leɓe. Dasashinsa ya kumbura ya yi jajur, yana sheƙi, ya janye daga gindin haƙora har sun yi tsawo kamar na doki. Da ya danna da yatsa sai mugunya ta fito a gefen haƙorin ƙasa. Shi kuwa abin da ya dame shi a ranar ba ciwon ba ne, azuminsa ne. Ya tafi wurin limamin unguwa, aka ce masa ya kiyaye haɗiyewa. Haka ya ƙarasa watan yana tofi kamar mai sabon ciki.

Sauran makonnin azumi na masu ba da shawara ne. Yayarsa, Yaya Gambi, wadda ta goya shi bayan rasuwar uwarsu kuma har yau take ganinsa kamar mai rarrafe, ta iso da ƙullin gishirin Foga da bagaruwa da jar kanwa. Gishiri a ruwan ɗumi ya rage masa zugi, wannan ba zan ci haƙƙinta ba. Kanwar da ta sa ya goga kuwa ta saluɓe masa dasashi har ya kasa shan kunun buɗe baki. Wani direban kamiyo, babbar motar kaya, abokinsa ya kawo kafso daga kasuwar Kamba, ja da rawaya, babu kwali babu suna. In ya sha kumburin ya sauka, in ya daina ya dawo da ƙarfinsa. Shi direban ne kuma ya aiko da man birki a ƴar kwalba, wai a ɗiga a auduga a danna, wai duk ƴan tasha da shi suke kashe tsutsar haƙori. Na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, yana juya baya na tuttular da shi a kwata.

Ranar ƙaramar salla na soya zabi. Maigida ya ɗauki cinya ya gatsa, sai ya tsaya cak da naman a baki. Ya ajiye a hankali. Ya kira ni ɗaki, ya sa harshe ya tura haƙoran gaba na ƙasa. Suka motsa, ina gani da idona. Na zauna da mutumin nan cikin samu da rashi, na ga ranar da motar rakensa ta kife a hanya ya dawo yana dariya. Tsoro a fuskarsa kuwa sai ranar na fara gani.

Ya ce, "In waɗanga sunka tahi, da mi zan shiga gona?"

Na ce ya sa riga mu je wurin majo, babban malamin asibiti.

Majon asibitin unguwarmu mutumin kirki ne, bai ɓata mana lokaci ba. Ya leƙa da tocila, ya ba da maganin zugi, ya ce aikin ya fi ƙarfin kayan da ke hannunsa, sai mun je Doso wurin likitan haƙori. Muka tafi. Zuwan farko mun wuni a kan benci, waɗanda suka san wani a ciki suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya, da layi ya kusa zuwa kanmu aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, aka ce sai wani mako. Na yi faɗa a ranar har Maigida ya ja mini gyale. Ba na jin kunyar faɗan, har yau ina ganin bai dace a taso mara lafiya daga bakin iyaka ya koma da ciwonsa ba. Abin da jinyar nan ta ci mana, hanya ta fi magani cinyewa. Tunkiyata da nake kiwo don layya ita ta tafi a kai.

Zuwa na biyu muka shiga. Likitar mace ce, yarinya, Bazabarma, Hausarta tana ɗan tuntuɓe. Maigida ya raɗa mini, "Wagga ai ɗiyar cikina ce." Na ce ya buɗe baki dai. Ta sa wani siririn ƙarfe tana aunawa tsakanin haƙori da dasashi, ta aika mu aka yi radiyo, wato hoton haƙora, ta sa aka duba masa sukari don ta ce wani lokaci su biyun tare suke tafiya. Sukari lafiya lau. Da ta ɗaga hoton a haske ta yi maganar da har yau nake maimaita wa mutane.

"Baba, haƙoranka ba su da rami ko ɗaya. Ƙarfi gare su. Kai mutumin Gaya ne, ka san itace a bakin kogi. Itace lafiya lau, amma ruwa ya cinye ƙasar gindinsa. Haka naka."

Ta nuna masa wani abu kamar dutse da ya taru a gindin haƙora, ya shige har ƙarƙashin dasashi. Ta ce shi ne mazaunin ƙwayoyin cuta, su ne suke cin dasashi da ƙashin da ke riƙe haƙori, sannu a hankali, shekaru, ba tare da zafi ba. Ta ce ba goro ne ya kawo ciwon ba, amma shi ya rufa masa asiri. Ƙashin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ne za a yi ƙoƙarin riƙewa. Haƙori ɗaya na ƙasa ya riga ya gama, sai cirewa. Sauran na gaba za ta ɗaure su da siririyar waya ta baya su jingina da juna.

Maigida bai ji rabin maganar ba. Tambayarsa ɗaya ce.

"Madam, zan ɓare rake?"

Ta ce, "Da haƙoran gaba? A'a. Ba bana ba, ba baɗi ba. Fizga ɗaya za ta iya kwashe duk aikin da za mu yi. In an yanka maka ƙanana ka tauna da turame, ka kurkure baki, wannan na yarda, in dasashi ya warke."

A mota ya juya fuska wajen taga har muka iso gida.

Wankin da ta yi masa, detartaraj take ce masa, ba a zama ɗaya aka yi ba. Ta fara da ɓangaren dama, ta kashe wurin da allura, ta kankare dutsen har can ƙasa, ta cire haƙorin da ya mutu. Ta rubuta maganin kurkure baki na ɗan lokaci da ƙwayoyin sha, ta ba mu randebu, wato ranar komowa, don ɓangaren hagu. Ta kuma ce ya ajiye goro na wasu watanni. "Ina son in riƙa ganin gaskiyar bakinka," in ji ta.

Makon da ya biyo baya shi ne mafi muni a duk jinyar, kuma shi nake so mai karatu ya riƙe, don a nan mutane suke gudu. Da aka cire dutsen sai ramuka suka bayyana tsakanin haƙora, iska tana shiga. Ruwan randa in ya taɓa sai ya dafe kai. Haƙoran kuma suka ƙara motsi fiye da da. Likita ta gaya mana haka za a yi kafin dasashi ya kama, amma faɗa daban, gani daban. Ga rashin goro. Jama'a, mutumin da ya saba da goro in ya rasa shi ba abokin zama ba ne. Kaza ta yi kuka laifina ne, miya ta yi zafi laifina ne, ta huce ma laifina ne.

Yaya Gambi ta zo ta leƙa bakin ta ɗora hannu a ka.

"Sun kashe mini ƙane! Abin da Allah ya sa shina riƙe da haƙora kamar siminti, shi anka kankare? Ke Abu, ke kinka kai shi!"

Na ce, "Yaya, simintin nan shi ne ciwon."

"Ke likita ce? Da haƙoransa huɗu na gaba ya tahi Doso, da uku ya komo. In ya sake tahiya da nawa za shi komo?"

Maigida yana kwance yana jin mu. Da ta tafi ya ce ya gama da Doso, ba zai koma a ƙarasa shi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na shiga madafa na yi kuka, don na san in ya tsaya a nan, tunkiyata da wahalarsa duk sun tafi a banza, haƙoran kuma za su bi ɗaya bayan ɗaya. Amma na san halinsa, in aka matsa masa sai ya ƙara kafewa. Na yi shiru na ci gaba da abin da ke hannuna. Kunun gyaɗa da safe, faten wake, tuwon shinkafa mai laushi da miyar kuɓewa, kifin kogi da nake zare wa ƙaya ɗaya-ɗaya, zogale dafaffe har ya narke. Ruwan sha ina ajiye masa a rana ya ɗan yi ɗumi. Safe da yamma in riƙe masa madubi a bayan ɗaki, inda babu mai ganinsa, yana goge baki da buroshi mai laushi yadda aka koya masa, daga dasashi zuwa haƙori, ban da dirza. Akwai wani ɗan mitsitsin buroshi kamar na wanke kwalba da ake turawa tsakanin haƙora. Shi ya fi tsana, yana cewa da girmansa an mai da shi mai wasan yara.

Ranar randebu ta wuce bai je ba. Damina ta sauka. Wata safiya Yaya Gambi ta zo da sabon ƙulli, wannan karon har da sunan wani wanzami da zai tsaga dasashin ya fitar da mugun jini. Na ga in na yi shiru yau an gama. Na yago auduga biyu fara fat na miƙa wa Maigida.

Na ce, "Ban ce ka koma Doso ba. Goga wagga a dama, inda anka wanke. Wagga kuma a hagu, inda ba a taɓa ba. Yaya ta gani da idonta."

Ya harare ni, amma ya yi. Ta dama ta fito fara, sai ɗan danshi. Ta hagu ta fito da jini da rawaya-rawaya. Na ajiye su a kan tabarma gefe da gefe na koma wankina. Can na ji Yaya Gambi tana cewa a hankali, "To, kai kuma mi kake jira? Tashi ka nemi mota." Kamar ba ita ba. Haka take, kuma ina sonta a haka. Daga ranar ita ke aiko mana da kifi, gishirin Fogarta kuma likita da kanta ta ce a ci gaba da shi a ruwan ɗumi. Wannan magana ta yi mata daɗi har ta zagaye dangi da ita.

Na ɗauka likitar za ta yi masa faɗan saɓa rana. Ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, ka dawo, shi ke nan." Ta wanke hagu, ta ɗaure haƙoran gaba da wayar. Da ya tambaye ta ko ya bar asuwaki ke nan, ta ce a'a, ya tauna bakinsa ya yi laushi sosai, ya bi a hankali, ya haɗa da buroshi. Wannan ya kwantar masa da rai fiye da duk maganin da ta rubuta. Ban san yadda zan gode wa yarinyar nan ba. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ba ta taɓa yi masa alkawarin ƙarya ba, kuma duk lokacin da na kira ta a waya da tambayoyina na marasa boko sai ta amsa. Allah ya yi wa iyayenta albarka.

Sauƙi bai zo da gudu ba. Warin ne ya fara tafiya, ni na fara sani kafin shi. Sai kumburin ya sauka, dasashi ya bar sheƙi ya koma kalarsa, ya kama gindin haƙora. Kafin a yi girbin gero ya iya shan ruwan randa ba tare da ya yamutsa fuska ba. Likita ta sake aunawa da ƙarfenta ta ce ramukan sun ragu, amma ta ja mana kunne cewa wannan ciwo ba a sallamarsa, lallaɓa shi ake yi. Duk bayan ƴan watanni sai an koma an duba an wanke, har iyakar rai. Na ce mun ji, in dai hanya ce mun riga mun saba.

Baki ya warke, amma mutumin bai dawo ba. Labari ya bazu a tasha cewa bakin Sarkin Rake ya ƙare. Shi da ake jin dariyarsa daga bakin titi, ya koma magana da hannu a kan leɓe saboda giɓin. Wannan ya fi jinin ci mini rai. Da sanyi ya fara shigowa, rake ya nuna, abokan sana'arsa suka fara hawa fadama. Shi kuwa yau ya ce mota ba ta da kyau, gobe ya ce raken bai gama nuna ba. Na san abin da yake gudu. In ya je gona za a miƙo masa kara a gaban mutane. Ko ya ɓare ya zubar da haƙoransa, ko ya nemi wuƙa ya zubar da sunansa. Mu kuma abincinmu na shekara a cikin watannin nan yake.

Akwai wani tsoho a wajen Karakara, Baba Arzika, wanda tun Maigida yana saurayi yake sayen gonarsa. Wata hantsi sai ga kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida, tsohon ya sauko da kara uku na rake ɗaure da igiya. Da yake kamar uba yake a wurinmu, har tsakar gida ya shigo. Na shimfiɗa masa tabarma gindin dogonyaro. Bayan gaisuwa ya ce wa Maigida:

"Mutum biyu sunka zo mini tayi, na ce su dakata. An ce ba ka lahiya, an ce ka bar sana'a. Na ce sai na gani da idona. Ga shi, ɗanɗana ka gaya mini."

Ya zaro kara ɗaya ya miƙa masa.

Ina bakin madafa ina kallo. Maigida ya karɓa. Ya juya karan a hannu, ya shafa gaɓoɓin, na ga ya ɗaga shi wajen baki yadda hannunsa ya saba tun kafin in san shi. In na yi magana a gaban baƙo na kunyata shi, in na yi shiru watannin nan duk sun tafi. Sai na ɗauki faranti na ɗora kofin ruwa, na ajiye wuƙata ta fere rake a gefensa, na kai gabansu na durƙusa na ajiye, kamar ruwa kawai na kawo. Na koma ban dubi kowa ba.

Sannan na ji ya yi gyaran murya.

"Baba, ka ga wagga? Wuƙar Abu ce. Na daɗe ina yi mata dariya a kanta." Ya ɗaga leɓe ya nuna masa giɓin da wayar, abin da bai taɓa nuna wa kowa ba sai ni da Yaya da likita. "In na ɓare maka rake yau, baɗi ba ni da bakin da zan ɗanɗana maka shi. Ka yi mini haƙuri."

Ya ɗauki wuƙar ya fara fere. Wallahi bai iya ba, rabin raken ya tafi da ɓawon, sai da na cije leɓe kada in yi dariya. Ya yanki ƴar gunduwa ya kai turame, ya tauna a hankali, ya lumshe ido.

"Wanga na gefen rijiya ne, ruwa ya yi mashi yawa. Ba ni na tudun."

Baba Arzika ya ƙyalƙyale da dariya har da buga cinya. "Ja'iri! Na gefen rijiya ne. Da gangan na hwara ba ka shi. Ashe harshen na nan." Ya miƙa masa kara na biyu. "Ni rake nika saidawa, ba haƙori ba. Yanka da abin da ka ga dama."

Maigida ya yi dariya, irin ta da, baki buɗe, giɓi a waje, bai sa hannu ba. Ya tofar da tukar a tafinsa. Daga inda nake na hango ta, fara fat kamar audugar nan. Na juya na fuskanci murhu don hawaye sun zo mini, na ce alhamdu lillahi a zuciyata ban san sau nawa ba.

Suka shiga ciniki. Tsohon, don jin daɗi, ya ɗauki kara na uku ya kafa haƙora ya ɓare shi da fizga ɗaya yadda aka saba, ya tauna, ya tofar a gindin dogonyaro. Na zo ɗaukar faranti sai idona ya sauka a kan tukarsa. Ja ce. Maigida ma ya gani. Tsohon ya lura da inda muke kallo, ya sa ƙafa ya tura mata ƙasa.

Ya ce, "Goro ne."

Maigida ya dube ni, na dube shi. Ya ajiye wuƙar ya matsa kusa da tsohon.

"Baba, yau ka ci goro?"

Baba Arzika ya buɗe baki zai amsa, sai ya yi tunani, ya girgiza kai.

Maigida ya ce, "Abu, ɗauko madubin."